Tsohuwar jitar feda: in yi mata kwaskwarima kafin in sayar ko in bar ta yadda take?

Wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, na ɗan taƙaita ta saboda tsayi:

"Salam. Dan Allah shawara nake nema. Ina da tsohuwar jita irin wadda ake kafawa kan ƙafafu huɗu ana taka feda don canja sautin tsirkiya, wato fedal stil, ƙirar Sho-Bud Professional ce ta farkon shekarun 1970, wuya biyu kowanne tsirkiya 10, feda 8, libar da ake turawa da gwiwa 2. Dattijon da ya koya min kiɗa ne ya sayar min da ita kafin ya rasu. Yanzu bayana ya daina ɗaukar nauyinta kuma ina da buƙatar kuɗi, so nake in sayar. Abokina ya ce a haka ba za ta yi kuɗi ba, wai in kai a ƙara mata liba biyu ko uku, a kankare tsohon banish ɗin da ya tsattsage a fesa sabo, a canza fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya ta kai lasifika, saboda yana ƙugi, har ma yana cewa a cire wuyan baya a sa matashin ɗora hannu don ta rage nauyi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ya zan yi?"

Wa'alaikas salam ɗan'uwa, Allah ya ji ƙan malamin naka. Amsata a gajarce ita ce zuciyarka ta fi abokinka gaskiya, kar ka huda ta, kar ka kankare ta, kar ka cire mata wuya. Wanke ta, ka sa mata mai, ka saita ta ta yi kiɗa daidai, ka faɗi gaskiyar halin da take ciki sannan ka sayar. Amma tunda nasan in na tsaya a nan abokin naka zai dawo gobe da sabuwar hujja kuma mai yiwuwa ya rinjaye ka, bari mu bi maganganun nasa, don ba duka ne shirme ba, akwai guda ɗaya da yake da ɗan gaskiya a ciki.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, gyara daban canji daban. Gyara shi ne abin da ya lalace ka mayar da shi yadda masu ƙira suka yi shi. Canji kuwa shi ne ka mayar da ita wani abu da ba haka ta fito ba saboda kana hasashen abin da wani mutum da baka taɓa gani ba zai so. Mai sayarwa gyara ne aikinsa, canji na wanda zai zauna da ita ne shekara goma yana kaɗawa. Kuma akwai gwaji mai sauƙi da nake ba kowa, duk aikin da za a yi mata ka tambayi kanka, in mai saye bai so ba zai iya ɗaukar sukundireba ya mayar da ita yadda take cikin yini ɗaya? In eh ne to da sauƙi. In kuwa sai an huda katako ko an sa samfefa ko an yanke wani abu, toh wannan tafiya ce wadda babu dawowa, ramin da aka huda a katakon da ya haura shekara 50 ko ka cike shi tabon na nan.

Mu fara da maganar liba tunda nan ne abokinka yake da gaskiyar da na ce. Ka san ita jitar feda ba kamar sauran tsofaffin jitoci bace da masu tara kayan tarihi ke saya su rataye a bango suna kallo, yawancin masu sayenta makaɗa ne, kaɗawa za su yi, kuma makaɗin yau a wuyan gaba, wanda ake kira E9, ya saba da feda 3 da liba 4 ko 5. Yana so ya samu libar da ke ɗaga tsirkiya ta 4 da ta 8 daga E zuwa F, da wadda ke sauke su zuwa D#, da wadda ke sauke tsirkiya ta 2, darussan koyo ma kusan duk a kan wannan tsarin aka gina su. Saboda haka gaskiya ne wani zai ga liba 2 kacal ya wuce abinsa, ko ya tsaya ya yi ta ragi. Wannan ban musa ba.

Inda muka rabu da shi shi ne lissafi. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta kuɗin libobin da sandunan ja da duk ƙananan ƙarafan da ke tafiya da su, kuma fa na Sho-Bud na wancan zamanin ba a shago ake shiga a ɗauko ba, kamfanin ya daɗe da daina ƙira, ko dai ka samu tsofaffi a hannun wani ko kuma waɗanda wasu maƙera ke kwaikwaya. Ka ƙara kuɗin aikin wanda ya iya, waɗanda suka iya ɗin kuma ƙalilan ne kuma layi ake bi. Ka ƙara kuɗin aikawa da dawowa na abin da a cikin akwatinsa ya haura kilo 30, ka ƙara haɗarin hanya sau biyu, ka ƙara watannin jira alhali kai ka ce buƙatar kuɗi gare ka. Sai ka duba nawa ake sayar da irinta mai liba 2 da mai liba 4, kuma ka duba waɗanda aka riga aka saya, ba waɗanda aka liƙa wa farashi suna zaune wata shida ba wanda ya taya ba. A mafi yawan lokuta za ka ga bambancin bai kai abin da ka kashe ba, in ka yi sa'a ka fita da uwar kuɗinka, wahalar kuma ta zama kyauta.

Sannan ga babbar matsalar da mutanen da basa kaɗa wannan kayan basa ganewa, babu makaɗa biyu da tsarinsu yake ɗaya sak. Tun daga fedojin ma an rabu gida biyu, akwai masu bin jerin shahararren makaɗi Buddy Emmons, fedoji ukun farko A B C daga hagu, akwai masu bin na wani makaɗin Jimmy Day da ya juya su C B A, kuma wanda ƙafarsa ta saba da ɗaya in ka zaunar da shi a ɗayan kamar ka ce ya rubuta sunansa da hannun hagu ne. Libobi kuwa abin ya fi haka, wani duka libobin E ɗin a gwiwar hagu yake so, wani ɗaya hagu ɗaya dama, wani dogo ne sai an matsar masa da liba can gefe, wani gajere ne sai an matso da ita. Kaga kenan in ka biya aka huda aka ɗaura yadda kai ko mai gyaranka kuka ga dama, mai saye yana iya zuwa ya kwance ya sake huda nasa ramukan kusa da naka, kai ka yi asarar kuɗi ita kuma jitar ta tashi da ramuka ninki biyu. Na taɓa kifa wata a hannun wani, wallahi cikinta kamar gara ta ci, kowane mai ita da ya zo sai ya matsar da liba, har akwai wani sukuru da wani mai gyara ya sa mai tsawo fiye da kima ya ɓullo ta gaban katakon ya tsaga banish, daga nesa ma kana hango ɗan ƙurjin. Mai ita yana ta rantsuwa sautinta ba abin da ya same shi, kuma da gaske ne, amma duk wanda ya leƙa ƙasa sai ya rage tayi.

Abin da za ka yi a madadin haka mai sauƙi ne, ka tuntuɓi mai gyara ɗaya ko biyu ka tambaye su nawa za su ƙara liba biyu a wannan ƙirar, sai ka rubuta a tallanka cewa liba 2 ne da ita kamar yadda take, ga abin da kowacce ke yi, wanda ke son ƙari ga kimanin abin da zai ci masa. Shikenan ka cire masa tsoro kuma ka bar masa zaɓi. In ma ka ci karo da libobi na asali na zamaninta da araha to saya ka zuba a leda ka haɗa masa a akwati, kar ka ɗaura.

Maganar fenti kuwa nan ne nake so ka toshe kunnenka gaba ɗaya. Kamfanin Sho-Bud tun da Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa shi a 1957 a yankin Nashbil a Amurka abin da aka san shi da shi bayan sauti shi ne kyawun katako, icen mafil mai ɗigo-ɗigon nan da ake kira idon tsuntsu, da adon da ake dasawa a gaba, da banish mai sheƙi a sama. Irin wannan banish in ya tsufa dole ya yi ƙananan tsage kamar gashi saboda zafi da sanyi, launin ma ya koɗe, ja ya koma kamar ruwan shayi, kuma wanda ya san kaya wannan yake nema da ido don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Da zarar an sa samfefa shaidar ta tafi. Mai saye kuma sai ya fara tambayar kansa me aka ɓoye a ƙarƙashin sabon fentin, tsagewa ce ko ruwa ne ya taɓa shiga? Ga shi ba a fesa fenti sai an kwance komai, injin canja sauti da makullan tsirkiya da faifan ƙarfen gefe da duk sandunan ƙasa, a cire tambarin sunan ko a lalata shi, sannan a sake haɗawa, kuma a wajen sake haɗawar nan ake yin gyaran gangar Auzinawa. Wurin da hannun malaminka ya goge ya dushe a gefen wuya, inda damtsensa ke kwanciya shekara da shekaru, bar shi, ba datti bane.

Fikof kuma fara tabbatarwa lalacewa ya yi ko halinsa ne. Na wancan lokacin masu naɗin waya ɗaya ne, kuma duk irinsu suna ɗan ƙugi musamman kusa da wasu fitilu ko kwamfuta ko in wayar wutar ɗakin ba ta da kyau. Canza kebul, canza ɗaki, juya jitar wani gefen, in ƙugin ya ragu to lafiyarsa ƙalau. Duba kuma ko wata waya ce ta saki a wajen soket, wannan ɗigon dalma ɗaya ne. In an auna da mita an ga ya mutu ɗungurum to akwai masu sake naɗa shi, wannan gyara ne na yarda. Su fikof masu hana ƙugi na zamani irin na kamfanonin George L's ko Bill Lawrence suna da kyau ba laifi, kuma canjin yana cikin waɗanda ake iya mayarwa in dai sabon ya zauna a gurbin ba tare da an faɗaɗa ba, amma mutumin da ya tsallake sababbin jitoci masu sauƙin nauyi ya zo neman Sho-Bud mai karya baya, sautin wancan fikof ɗin yake bi. In ma an riga an taɓa canzawa kuma tsohon yana wani lungu a gidanka, nemo shi ka sa a akwati.

Cire wuyan baya, nasan inda abokinka ya samo wannan. Shahararren makaɗi Lloyd Green ne ya sa aka cire masa wuyan baya, wanda ake kira C6, aka sa matashi a gurbin saboda aikinsa kusan duk a E9 yake, har Sho-Bud suka fitar da ƙira mai suna LDG a kan wannan fasalin. Amma ka lura shi ya cire ne don ya kaɗa tasa, ba don ya kai kasuwa ba. Kai in ka cire, wanda ke neman mai wuya biyu ya fita daga cikin masu tayi, wanda ke neman LDG kuma zai je ya nemi LDG ta gaske, sai ka zauna a tsakiya da abin da ba wannan ba ba wancan ba, ga fedoji biyar na wuyan baya da suka zama ba aikin yi. Garin gyaran gira kenan. Nauyin da ke damun bayanka ba lallai ya dami wanda zai kafa ta a ɗaki ya bar ta a nan ba.

Toh me za ka yi mata? Kafin ka taɓa komai kifa ta a cikin akwatinta kamar yadda ake yi in za a ɗaura ƙafafu, ka ɗauki hoton cikinta ta ko'ina da haske mai kyau, kusa-kusa, kowace sanda da ramin da take ciki, don in wani abu ya zame ka san inda ya fito. Za ka ga tsohon giris ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo a gaɓoɓin, shi ke sa feda ta yi tauri ko tsirkiya ta ƙi komawa daidai bayan ka saki. Tsohon buroshin haƙori da ɗan tsumma da man laita kaɗan suna cire shi, a waje mai iska nesa da wuta, kuma kar ka bari ya malala kan katako. In ya bushe sai ka bi duk inda ƙarfe ke juyawa kan ƙarfe da ɗigo ɗaya na mai mara kauri irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya fa na ce, har da 'yan ƙananan tayoyin da tsirkiya ke hawa a wajen makullai. Kar ka fesa mata WD-40 da sunan mai. Katakon kuma tsumma mai laushi da ɗan danshi ya isa, ka guji man goge kaya mai silikon. Ƙarafan sama ka goge da hannu a hankali, ba sai sun koma madubi ba.

Sai sababbin tsirkiyoyi duka wuya biyun, wannan kuɗi kaɗan ne amma shi ya fi komai canza yadda za a ji ta, ka haɗa da ƙarin ta 3 guda biyu ko uku, ita ce 'yar siririyar G# da feda B ke ja zuwa A kuma ita ta fi kowacce tsinkewa, mai saye in ya buɗe akwati ya gan su zai san makaɗi ne ya sayar masa. Sifirin da ya saki ko noti da ya ɓace ko robar ƙafa da ta cinye, waɗannan mayar da su, kuma duk abin da ka cire komai ƙanƙantarsa ka ajiye a leda ka rubuta daga ina ya fito. Amma in ka ga sai an kwance injin canja sautin kansa, tsaya nan, in baka taɓa yi ba ba a kan wadda za ka sayar ake koyo ba. Gara ka rubuta feda ta 6 tana ɗan maƙalewa da ka rubuta ga sassanta a kwali.

Wajen talla gaskiya ita ce za ta kawo maka kuɗin da abokinka ke nema a fenti. Masu sayen wannan kaya hoton ƙasa suke fara nema kafin na sama, don haka sa shi da yawa, da hoton lambar da aka buga a jikinta, da duk wani tabo ko tsagewa ko ramin da babu sukuru a ciki. Zana jadawalin abin da kowace feda da kowace liba ke yi wa kowace tsirkiya. Yi ɗan bidiyo ka ajiye na'urar saita sauti a inda ake gani, ka taka feda ka saki a ga allurar ta koma inda take, ɗaya bayan ɗaya, wannan minti ukun ya fi dogon yabo. Shekarar ƙira in baka da tabbas ka ce farkon shekarun 1970 kawai, kar ka ƙirƙiro, masu wannan harkar 'yan kaɗan ne kuma sun san junansu, akwai wanda daga siffar feda zai gaya maka zamaninta. In aikawa za ka yi ka cusa katako ko wani abu mai tauri a cikin akwatin yadda jikinta ba zai motsa ba, ka naɗe ƙafafu da sandar fedoji daban, don in aka jefar da akwatin nauyinta kan fasa katangar da ke raba ɓangarorin biyu, ƙarafan su hau kan katako. Wanda zai zo da kansa ya ɗauka ko da ya ɗan rage maka ya fi.

Akwai inda zan sassauta. In ka kifa ta ka tarar an riga an yi mata aika-aika tun kafin ta zo hannunka, an sake fenti, an canza rabin kayan ciki, ramuka ko'ina, to babu wani asali da ya rage da za ka kare, ta zama kayan aiki kawai, a nan ƙara liba ba zai rage mata daraja ba, sai dai har yanzu lissafin kuɗin nan na sama yana nan bai canza ba. Haka kuma in bayan ka wanke ta ka sa sababbin tsirkiyoyi ka zauna gwaji sai ka ji ba za ka iya rabuwa da ita ba, wannan yana faruwa fiye da yadda kake zato, toh a lokacin taka ce, ƙara liba biyar ma in ka so, yadda gwiwarka take.

Akwai abin da baka faɗa min ba kuma ina so in sani, libobin nan biyu me suke yi, kuma akwai ramuka a ƙasan da ke nuna an taɓa ɗaura wasu aka cire? In akwai tsofaffin ramuka a daidai inda ake buƙata to maganar ta ɗan canza, don ana iya ɗaurawa ba tare da sabon huji ba. Turo min hotunan cikin in ka ɗauka, musamman ɓangaren gwiwar hagu.